Dala 20 a Mako: Abin da Amurka Ta Koya Daga 'Yan Mazan Jiya

Jama'a, duk lokacin da aka tayar da zancen tallafa wa sojan da ya ajiye kaki bai samu aiki ba, sai ka ji wani ya ce ai lalaci za a koya masa. To, Amurka ma ta sha wannan gardamar.

A 1932, dubban 'yan mazan jiya na Yaƙin Duniya na Ɗaya suka yi zaman dirshan a Washinton. Ba aiki, ga yunwa, kuɗin da gwamnati ta yi musu alkawari kuma wai sai 1945. Maimakon a biya su, sojoji ƙarƙashin Janar MacArthur suka tarwatsa su da barkonon tsohuwa, aka ƙone bukkokinsu.

Wannan abin kunya ya zama darasi. Ranar 22 ga Yuni, 1944, tun Yaƙi na Biyu bai ƙare ba, Shugaba Roosevelt ya sa hannu a dokar GI Bill. Cikinta akwai dala 20 duk mako, har makonni 52, ga wanda ya dawo ba aiki. Wasu 'yan majalisa daga Kudu suka ƙi amincewa da farko, don baƙar fata zai karɓi daidai da farar fata.

Me ya faru? Ko kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin da aka ware ba a kashe ba. Yawancinsu aiki suka kama, ko suka koma makaranta.

Mu ma'aikatan gwamnati mun san yadda fayil ke kwana a tebur shekara da shekaru. Su kuwa tun sojan yana bakin daga aka gama shirin dawowarsa. Allah ya sa mu gane.