Bayan An Ƙirga Ƙuri'a: Tarihin Adawa a Ƙasar Haɗeja

A zamanin Jihar Arewa, lokacin da masarautar Haɗeja ke cikin Lardin Kano, faɗuwa zaɓe ba ta tura mutum gida ya kwanta. An kafa NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, kuma tun zaɓen 1951 ta fara shan kaye a hannun masu goyon bayan sarauta, waɗanda suka dunƙule a NPC. 'Yan NEPU, wato 'yan Sawaba, sun sha ɗauri a kotunan alƙalai, sun sha dukan 'yan doka, amma ba su daina taro a ranakun kasuwa ba, ba su daina maganar haraji da jangali da aikin tilas ba. Jagoransu Malam Aminu Kano kansa sai a 1959 ya samu kujerar Majalisar Tarayya. Shekara 20 bayan haka sabuwar jam'iyyarsa ta PRP ta ci Jihar Kano, har da Haɗeja a ciki, Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali. Talakan da ya daina biyan kuɗin kansa ya ci moriyar mutanen da suka yi ta faɗuwa zaɓe ba su yi shiru ba.

Da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa ranar 27 ga Agusta 1991 aka kai hedkwata Dutse, abin bai yi wa mutanen Haɗeja da dama daɗi ba, suka daɗe suna neman jiha tasu. Mulkin farar hula kuwa ya yi ta kewaya sauran masarautu: Ali Sa'ad Birnin Kudu a 1992, Saminu Turaki a 1999, Sule Lamido a 2007.

A nan ne wata ɗabi'a ta yi jijiya. Gab da zaɓen 2007 Turaki ya bar ANPP ya koma PDP, jama'a da yawa suka bi shi, jam'iyyar da ta yi mulki tun 1999 ta wayi gari da ƙyar ake jin ɗuriyarta. Wanda ya faɗi, ko dai ya sauya sheƙa ko ya koma kasuwancinsa. A kulle ofishin jam'iyya, tuta ta koɗe a rana, sai an sake kaɗa gangar siyasa a zo a share ƙura.

Muhammadu Badaru Abubakar bai bi wannan hanya ba. Lamido ya kayar da shi a 2011 yana takara a ACN, ya ci gaba da riƙe mutanensa, aka yi haɗakar APC a 2013 da shi, ya ci a 2015. Daga nan PDP ta ɗanɗani abin da ANPP ta ɗanɗana. Ɗan takararta Aminu Ibrahim Ringim ya faɗi a 2015 da 2019, majalisar dokokin jiha ta koma kusan ta jam'iyya ɗaya.

Shirun adawa ya fi tsada a fadama fiye da ko'ina, domin rayuwar manomi da masunci da makiyayi a nan tana rataye ne da shawarar da ake yankewa nesa da su. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, sannan ta Challawa a 1992, Kogin Haɗeja ya daina bin tsohon tsarinsa na cika da damina da janyewa da rani. Ruwa ya riƙa zama duk shekara a wasu rassa, ciyawar kachalla ta samu wurin yaɗuwa, ta toshe magudanai, ta cinye gonaki wajen Guri da Kiri Kasamma, ta zama maɓoyar tsuntsayen da ke cinye shinkafa. Ambaliyar 2018, da ta 2020, da ta 2022 sun ci gonaki da gidaje a Auyo da Kafin Hausa da kewayen Haɗeja, har matasan gari suka kwana suna jera buhunan ƙasa a bakin jinga. Yaushe ake sakin ruwa daga madatsun? Nawa aka ware don yashe kogi, nawa aka kashe? Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ta tarayya ce, gwamnatin jiha tana da nata kason, kuma ɗan jam'iyya mai mulki ba kasafai yake iya titsiye ubangidansa da irin waɗannan tambayoyi ba. Aikin wanda ya faɗi zaɓe ne, kuma a ganina an yi sakaci da shi matuƙa.

A Maris 2023 Malam Umar Namadi, ɗan Kafin Hausa, ya ci kujerar gwamna da ƙuri'a sama da 600,000, mulki ya iso masarautar Haɗeja. Mustapha Sule Lamido na PDP ya samu sama da 360,000. Yawancin waɗannan dubban masu ƙuri'a talakawa ne da ke zaune a ƙauyukansu, wasunsu a bakin wannan kogi, kuma kasafin kuɗin da ya shafi jingarsu da magudanansu a Dutse ake zartar da shi kowace shekara, ko an yi zaɓe ko ba a yi ba.