Yadda Maganin Feshi Yake Daina Ci

Duk manomin da ya yi feshi cuta ta ƙi tafiya, maganarsa ɗaya ce: jabu aka sayar masa. A Jibiya wannan zargi yana da gindin zama, domin ta nan magungunan gona ke bi zuwa Ɗan Isa da Maraɗi, kuma abin da NAFDAC ta yi wa rajista ba lallai ne ya shiga jerin kwamitin magungunan gona na ƙasashen Sahel da Nijar ke bi ba. Jabu kam akwai shi. Amma a ganina ba shi ne babban ɓarawon ba, kuma gonakin inabin Faransa ne shaidata.

Daga Amurka cutar funfunar ganyen inabi ta shiga Faransa a 1878. Wani malamin jami'ar Bordeaux, Millardet, ya lura cewa inabin bakin hanya, wanda ake yayyafa wa sinadarin tagulla da farar ƙasa don tsorata masu tsinka, bai zubar da ganye ba. A 1885 ya bayyana haɗin. Har yau yana aiki, domin ta ƙofofi da yawa yake auka wa cutar.

Rigimar ta faro ne da magungunan zamani. A 1977 kamfanin Ciba-Geigy ya fito da metalaxyl, wanda ke ratsa jikin shuka, ruwan sama ba ya wanke shi. Kowa ya rungume shi. Sai dai ƙofa ɗaya tak yake bi, saboda haka 'yan ƙwayoyin cutar da suka tsira su ne suka hayayyafa. A 1980 ya kasa a gonakin dankalin Ayilan da Holan, ba da jimawa ba inabin Faransa ya biyo baya. Babu jabu a nan, daga masana'anta maganin ya fito.

Kamfanoni ne suka fara haɗa kai, don aljihunsu ya ji a jika. Aka koma sayar da metalaxyl gauraye da wani magani, mancozeb, a 1981 kuma suka kafa kwamitin FRAC, wanda ke raba magunguna rukuni-rukuni. Manoma su ne masu wuyar tarawa, kuma ban ga laifinsu ba. Iska ce ke ɗaukar cutar, ba ruwanta da iyakar gona, balle shingen kwastan. Wanda ya kashe kuɗi yana sauya magani, maƙwabcinsa na ta maimaita mai araha, asararsu ɗaya. In ba ƙungiya ta sayo a sari ta rage masa farashi ba, me zai sa ya wahala?

Masu inabin Kudan, kusa da Zariya, wannan tambaya na jiran su. Haka masu gero, domin Apron Star da ake cuɗa iri da shi yana ɗauke da wani nau'in metalaxyl ɗin. A shago za a miƙo maka fakiti biyu, suna daban, launi daban, alhali duka 'yan rukuni na 4 ne, rukunin metalaxyl.