Asalin Kalma: Kastad

Kalmar kastad daga Turanci ta shigo bakin Hausawa. Su kuma mutanen Ingila daga tsohon Faransanci suka aro ta, jijiyarta kuwa tana cikin Latin: "crusta", wato ɓawo. A ƙarni na 14, abin da ake kira da wannan suna a Ingila ɓawon fulawa ne da ake cikawa da nama ko 'ya'yan itace, a kwarara ƙwai da madara, a gasa. Sannu a hankali sunan ya bar ɓawon, ya koma kan haɗin ƙwan da madarar.

A 1837 wani mai haɗa magunguna a Birmingham, Alfred Bird, ya ƙirƙiro garin kastad daga sitacin masara, saboda jikin matarsa ba ya karɓar ƙwai. Irin wannan garin ne muke damawa kamar koko, mu sha da ƙosai.

A Ingila kuwa, zuba kastad ake yi kan kayan zaƙi bayan cin abinci, ko a gasa shi da burodi da man shanu da zabibi. Na ainihin, mai ƙwai da madara, ya cancanci uwargida ta gwada shi.