Taron Makaɗa a Ƙasar Hausa, Da da Yanzu

Kazage gunduma ce a gabashin ƙasar Birnin Gwari, cikin Jihar Kaduna, ba nisa da iyakar Katsina ta wajen Sabuwa da Funtuwa. Ƙasar Birnin Gwari kuwa ƙasa ce ta noma da kiwo da daji mai faɗi, inda Hausawa da Gwarawa da Kamukawa da Filani su ke zaune tare tun zamani mai tsawo. A ƙasa irin wannan shekara ta kasu kashi biyu: damina lokacin aiki, kaka da rani lokacin biki da wasa. Saboda haka wanda ya ke son sanin tarihin taron makaɗa, sai ya fara daga dandalin ƙauye, domin can ne asalinsa, tun ba a san dandamali ko lasifika ba.

Kiɗan Sana'a

A zamanin da, kusan kowace sana'a tana da kiɗanta. Manoma suna da gangar noma, mahauta suna da kalangu, maƙera suna da dundufa, maharba suna da komo, mata kuma a cikin gida suna da ƙwarya da shantu. In an yi gayya, watau samarin gari sun taru su nome gonar wani, mai ganga ya kan bi bayansu kunya kunya yana kaɗa wa kowa takensa, ragon da ke baya ya ji kunya ya ƙara himma. Ladan makaɗin shi ne damin gero ko na dawa in kaka ta yi.

Da an kai amfanin gona gida sai wasanni su tashi. A kan yi dambe da kokawa, 'yan tauri su yi taronsu, Filani su yi sharo, samari da 'yan mata su yi kalankuwa, wadda ta yi suna ƙwarai a ƙauyukan Zazzau. Gari ya kan aika wa gari da goron gayyata, baƙi su zo da makaɗansu, a kwana biyu ko uku ana abu ɗaya. Ko da ya ke babu takardar da a ke rubuta wanda zai fara da wanda zai biyo, kowa ya san tsarin. Yara da 'yan koyo su ke buɗe fage tun da sauran rana, matsakaita su biyo, manyan gwanaye kuwa sai taro ya cika ya batse. Mai hukunci a nan shi ne taron kansa. Makaɗin da ya burge, a rufe shi da kyauta, sanƙira yana shelar sunan mai bayarwa da abin da ya bayar. Wanda bai burge ba, sai ya ga mutane suna zamewa ɗaya ɗaya zuwa wani fage.

Makaɗan Fada

Kiɗan sarauta daban ya ke. Tarihin Kano ya nuna Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga shekara ta 1463 zuwa 1499, shi ya fara kakaki a Kano. Tambari da kakaki kayan sarki ne, ba a kaɗa su ko a busa wa talaka, kome dukiyarsa. Bayan su akwai algaita da farai da jauje da kotso da taushi da banga. Shugabannin jihadi na shekara ta 1804 sun tsananta a kan kiɗan shagala, amma da tafiya ta yi nisa kiɗan fada ya komo da ƙarfinsa.

Makaɗin fada yana da ubangida ɗaya. Shi ke ba shi gida da gona da doki da riga, shi ke naɗa shi Sarkin Makaɗa ko Sarkin Taushi, rawanin nan kuwa shi ne lambar girma mafi daraja da makaɗi ya sani a lokacin. Haka Ibrahim Narambaɗa na Tubali ya zauna da Sarkin Gobir na Isa Ahmadu, Salihu Jankiɗi ya zama Sarkin Taushin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, Musa Ɗanƙwairo na Maradun kuma ya waƙe sarakuna da yawa har da Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello. Babban taronsu shi ne daren Jumma'a a ƙofar fada da kuma hawan Salla, inda kowane makaɗi ya san matsayinsa gwargwadon darajar ubangidansa. Zama irin wannan yana da daɗi, yana kuma da ɗaci, gama bakin makaɗin ba nasa ba ne shi kaɗai, in kuwa aka tuɓe ubangida ko ya rasu, sau da yawa arzikin bara ya kan bi shi.

Makaɗan Jama'a

Akwai kuma waɗanda ba su da ubangida sai jama'a. Kasuwa da gidan biki da fagen dambe su ne fadarsu. Ɗan Anace ya yi suna da waƙar 'yan dambe, musamman Shago. Kassu Zurmi ya waƙe maharba da 'yan tauri. Haruna Uji na Haɗeja ya riƙe gurmi. Ɗan Maraya Jos ya ɗauki kuntigi, ɗan ƙaramin abin kiɗa mai tsirkiya ɗaya, ya waƙe karen mota da sauran talakawan da ba wanda ya taɓa tunanin a yi musu waƙa. Barmani Coge ta Funtuwa ta fitar da kiɗan amada daga tsakar gida ta kai shi gaban dubban mutane.

Babbansu duka shi ne Mamman Shata, wanda aka haifa a Musawa cikin shekara ta 1923. Gidansu ba gidan kiɗa ba ne, mahaifinsa ma bai so ya shiga waƙa ba. Ya fara a dandali da kasuwa, ya zauna Bakori da Funtuwa da Kano, ya waƙe sarki da attajiri da direba da manomi, bai yarda ya zama na mutum ɗaya ba. Abin da ya ba irin waɗannan makaɗa ƙarfi shi ne hanyar mota da jirgin ƙasa, da kuɗin gyaɗa da auduga da suka shiga hannun talakawa, sa'an nan faifan garmaho da gidan rediyo. Da aka buɗe gidan rediyo da telebijin na Kaduna a shekara ta 1962, makaɗi ya kan yi waƙa sau ɗaya a ji shi daga Sakkwato har Yola. Daga baya kaset ya zo ya shiga kowane ƙauye.

Da Gwamnati Ta Zama Mai Kiran Taro

Turawa suka kawo al'adar tara sarakunan ƙasa da makaɗansu a fili ɗaya. An yi hawan daba a Kano cikin shekara ta 1925 saboda zuwan Yariman Ingila, an yi a Kaduna cikin 1956 saboda Sarauniya Elizabeth, an kuma yi cikin 1959 sa'ad da Jihar Arewa ta sami mulkin kanta. A irin wannan taro ne mai algaitar Barno ya ji kotson Sakkwato, kowa ya koma gida da abin da ya tsinta. A Argungu kuma, ziyarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai wa Sarkin Kabi Muhammadu Sama a shekara ta 1934, don ƙulla zumunci bayan tsohuwar gaba, ita ce ta zama mafarin bikin kamun kifi na Matan Fada, wanda ya ke tara makaɗa da 'yan dambe da 'yan kokawa.

A cikin shekarun nan na gab da samun 'yancin kai da bayansa kaɗan, Gwamnatin Jihar Arewa ta riƙa shirya bikin nuna fasaha a Kaduna. Nan aka ga sabon abu, watau alƙalai zaune da takarda da fensir, an yanka wa kowa lokacinsa, an kuma rubuta sunaye bi da bi. Makaɗin da ya saba kwana yana waƙa ɗaya, dole ya taƙaita. Bayan yaƙin basasa, a shekara ta 1970, aka fara bikin fasaha na ƙasa baki ɗaya don a haɗa kan jama'a.

Mafi girman tarukan nan shi ne FESTAC, wanda aka yi a Ikko daga 15 ga Janairu zuwa 12 ga Fabrairu, 1977, ƙasashe fiye da 50 suka halarta, aka kuma yi hawan daba a Kaduna. Amma wani shahararren makaɗi na Ikko, Fela Kuti, ya ƙi shiga saboda saɓaninsa da gwamnatin soja. Ya ci gaba da kiɗa a gidan rawarsa, manyan baƙin da gwamnati ta gayyato suka riƙa sulalewa da dare suna zuwa kallonsa. Ba a yi mako guda da tashi daga bikin ba sojoji suka ƙone gidansa. Wannan ya nuna mai kiran taro yana iya rubuta sunaye yadda ya ga dama, amma kunnen jama'a ba a hannunsa ya ke ba. Ya kuma nuna abin da makaɗi marar ubangida ya kan biya a kan 'yancinsa.

A Jamhuriyar Nijar ma an bi wannan hanya. Gwamnatin Seyni Kunce ta raya ƙungiyar Samariya, ta kafa bikin matasa na ƙasa wanda ya riƙa zagaya manyan garuruwa. A cikin shekarun 1980 aka kafa gasar kiɗan zamani, aka sa mata sunan Ɗan Gurmu, wani makaɗi na Tawa. Ga shi dai an ɗauki sunan makaɗin gargajiya an ɗora a kan kyautar da masu jita ke nema.

Daga Doki Zuwa Lambar Girma

Hausawa sun daɗe suna son waƙa suna raina mawaƙi. A kan kira shi maroƙi, a ba shi doki, amma a hana shi 'ya. Lambobin girma sun taimaka wajen rage wannan raini. Gwamnatin Tarayya ta ba Shata da Ɗan Maraya lambar girma ta ƙasa. A shekara ta 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba Shata digirin girmamawa, aka koma kiransa Dokta, mutumin da bai yi karatun boko ba. Shata ya rasu cikin 1999 aka binne shi a Daura, Barmani ta rasu cikin 2013, Ɗan Maraya kuma cikin 2015.

Daga shekarun 1990 finafinan Hausa suka kawo wani sabon kiɗa, wanda mutum ɗaya ke haɗawa da fiyano da kwamfuta a cikin ɗaki. Yaro ya kan yi waƙa ya watsa ta a waya, ta kai Agadas da Kumasi ba tare da ya san ƙofar wani sarki ba. Duk da haka rawani bai rasa darajarsa ba, domin a shekara ta 2018 Sarkin Kano Muhammadu Sanusi na Biyu ya naɗa Naziru Ahmad Sarkin Waƙarsa. Sai dai kofi da takardar shaida suna zuwa ne ga wanda a ke gani a birni. Mai gangar noman da ya tsufa a bayan garma, ba kwamitin da ya san sunansa.

Taro Sai da Zaman Lafiya

Kowane irin taro, na dandali ko na gwamnati, yana bukatar hanya buɗe, da kasuwa mai ci, da daren da mutane ba su tsoro. Bikin Argungu kansa, duk da girmansa, ya tsaya kamar shekara goma, sai cikin 2020 aka farfaɗo da shi. Ƙasar Birnin Gwari kuwa ta sha wuya fiye da haka. 'Yan bindiga sun yi sansani a dajin Kamuku da na Kuyambana, suka tare hanyar Kaduna da ta Funtuwa, suka kashe mutane masu yawa a Gwaska cikin watan Mayu na 2018. A shekara ta 2022 mutanen Damari, a gundumar Kazage, suka bar garinsu suka yi gudun hijira. Inda aka hana noma, babu gayya, babu kaka, babu abin da za a ba makaɗi. Wanda ya fi cutuwa shi ne makaɗin jama'a, tun da ba shi da albashi ko ubangidan da zai fake a gidansa. In kuwa ya ajiye ganga shekara goma, ɗansa ba zai koya ba, taken gidaje da kirarin jarumawan gari sai su bi shi kabari.

A watan Nuwamba na 2024 aka yi sulhu a Birnin Gwari, Gwamna Uba Sani ya je ya buɗe kasuwar shanu wadda ta yi shekaru a rufe. Kasuwa a kan buɗe ta rana ɗaya, amma kiɗan da ya ɓace ba ya komowa da umurni. An san Narambaɗa da Shata a yau domin an ɗauki muryarsu, malamai kuma sun rubuta tarihinsu. Makaɗan ƙauyuka ba su sami wannan gata ba. To, a nan ne wanda ya fita daga ajin yaƙi da jahilci ya ke da aikin yi. Ya iya zama da tsofaffin garinsu ya rubuta sunan kowane makaɗi, da abin kiɗansa, da wanda ya koya masa, da wasannin da a kan yi da kaka da yadda a ke jera su. Ɗan littafi irin wannan, in an adana shi, shi ne lambar girman da mutanen nan ba su samu ba suna raye. Allah ya zaunar da ƙasa lafiya, amin.