Na'urorin Kai Baƙin Mai Cikin Inji da Dalilan Gazawarsu: Nazari a Kan Injunan Sabon Tasha, Kaduna

Tsakure

Maƙalar ta yi nazarin hanyoyi uku da ake bi wajen kai baƙin mai ga sassan injin fetur da na gas: watsawa, turawa da famfo, da cuɗawa da fetur. An ɗora nazarin a kan ire-iren injunan da rayuwar Sabon Tasha ta dogara a kansu, wato janareta, injin markaɗe, babur, Keke Napep da motocin haya. An gano cewa kowace na'ura an ƙera ta ne bisa wani sharaɗi da mai ƙira ya ɗauka za a cika, kuma karya sharaɗin shi ke kashe inji tun na'urar tana da lafiyarta. Maƙalar ta ba da shawarar a riƙa auna matsin mai kafin a yanke wa famfo hukunci.

Fitilun kalmomi: baƙin mai, famfon mai, matsi, kaurin mai, Sabon Tasha

1.0 Gabatarwa

Sabon Tasha na cikin ƙaramar hukumar Chikun, kudu da Kogin Kaduna, a kan titin Kachia. Ita ce mashigar jama'ar Unguwar Boro, Unguwar Pama, Kamazo da Mararrabar Rido zuwa cikin gari, saboda haka ba ta rabuwa da cunkoson ƙananan bas da Keke Napep. A shagunanta kuwa janareta ne ke cike giɓin wutar lantarki.

Yankin yana da tsohuwar alaƙa da inji da mansa. A Kakuri kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a 1975, kuma motar 504 ta zama makarantar kanikawa da yawa. Gaba kaɗan a titin Kachia akwai matatar man Kaduna, wadda aka buɗe a 1980. Daga baya aka ƙara ƙarfinta zuwa ganga 110,000 a rana. A cikin matatun gwamnati guda huɗu, ita kaɗai aka gina wa sashen fitar da ɗanyen baƙin mai, wanda ake haɗawa da sinadarai a samu man inji. Da yake matatar ta daɗe ba ta aiki yadda aka tsara ta, masu haɗa mai sun koma dogaro da na ƙasashen waje, tsadarsa kuma ta buɗe ƙofa ga man da ba a san asalinsa ba.

Tambayar da maƙalar ke neman amsawa ita ce: in inji ya buga saboda rashin mai, wane kaso na laifin ke kan na'urar da ke kai man, wane kuma ke kan yanayin da aka sa ta aiki?

1.1 Dabarun Gudanar da Bincike

An yi amfani da dabarar kwatance. An rarraba injunan gida uku bisa yadda mai ke isa sassansu, aka fayyace ƙirar kowane rukuni da ƙa'idar kimiyyar da take tafiya a kai, sannan aka gwama wannan da yanayin ƙasar Kaduna da al'adun gyara da suka zama ruwan dare a garejin Nijeriya.

2.0 Ra'in Bincike

An ɗora nazarin a kan ra'in shimfiɗar mai mai ɗaukar nauyi. A 1883 injiniyan Ingila Beauchamp Tower ya huda rami a jikin mazaunin gatarin jirgin ƙasa da yake gwaji a kai, ya toshe da katako, sai mai ya riƙa tunkuɗo toshiyar waje. Daga nan aka gane cewa ƙarfen da ke juyawa yana jan mai zuwa matsattsen wuri, man kuma ya tara ƙarfin da zai ɗaga ƙarfen. Osborne Reynolds ya fitar da lissafin haka a 1886. A 1902 Richard Stribeck na Jamus ya nuna yadda gogayya ke sauyawa gwargwadon gudu, nauyi da kaurin mai.

Abin da ra'in ke nufi ga inji shi ne, karanshaf mai lafiya ba ya taɓa mital, wato mazaunin da yake juyawa a ciki, yayin da yake gudu. Yana shawagi ne a kan shimfiɗar mai da kaurinta bai wuce 'yan maikuron ba, alhali gashin mutum yakan kai maikuron 70. Juyawar karanshaf ce ke haifar da ƙarfin ɗaukar nauyin. Aikin na'urar kai mai shi ne ta tabbatar man bai yanke ba, ya kuma kwashe zafi da datti ya fita da su.

3.0 Rukunin Farko: Watsawa

Wannan ita ce hanya mafi sauƙi, kuma da ita motar Ford Model T ta 1908 ta yi aiki ba tare da famfo ba. A yau ana samun ta a injunan silinda ɗaya masu bugu huɗu, irin Honda GX160 da kwaikwayonsa na Sin, waɗanda ke juya janareta, injin markaɗe da injin ban ruwa na masu lambu a bakin Kogin Kaduna. A ƙasan sandar fistin akwai ɗan harshen ƙarfe da ke tsoma kai cikin mai a kowane juyi ya watsa shi sama.

Sharaɗin wannan ƙira guda ɗaya ne: tsayin mai. Duka man da injin ke ɗauka kusan lita 0.6 ne. In ya ragu kaɗan, ko aka girke injin a karkace a gangaren kogi, harshen sai ya riƙa dukan iska. In kuma aka cika shi fiye da kima, man ya yi kumfa, ya bi ta bututun numfashi ya jiƙa filtar iska. Masu ƙira sun sa wani maɓalli mai tasowa da mai, wanda ke kashe inji da zarar mai ya yi ƙasa. A wurin gyara sau da yawa akan cire wayarsa saboda mai janareta ya gaji da mutuwar inji, alhali wannan waya ita kaɗai ce kariyar da injin ke da ita. Babu filtar mai a wannan rukuni, don haka duk ƙurar da ta shiga tana nan tana zagayawa har ranar juye.

4.0 Rukuni na Biyu: Turawa da Famfo

Motoci, manyan janaretocin gas, Keke Napep na Bajaj da TVS, da baburan Boxer duk suna da famfo. Mai yana tashi daga kwanon mai ta cikin rariya, famfo ya tura shi ta filta zuwa babbar hanya a jikin inji, daga can ya rabu zuwa mital na karanshaf, kamshaf da kan inji. Famfon iri biyu ne suka fi yawa: mai giya biyu da haƙoransu ke cizon juna, da mai dunƙule biyu, ɗaya cikin ɗaya, na ciki ya gaza na waje da haƙori guda. Dukansu suna ɗibar ƙayyadadden mai ne a kowane juyi.

A nan ne kuskuren fahimta ya fi yawa. Famfo gudana yake samarwa. Matsi yana zuwa ne daga ƙuncin hanyar da man zai fita, musamman ratar da ke tsakanin karanshaf da mital, wadda a ƙananan motoci takan kasance tsakanin milimita 0.025 da 0.075. Lissafi ya nuna yawan man da ke zurarewa ta irin wannan rata yana hauhawa ne da ninkin ratar sau uku a kanta. Wato in ratar ta ninka biyu, zurarewar za ta ninka kusan takwas. Ke nan injin da mital ɗinsa ya cinye zai rasa matsi ko da yau aka ɗaura masa sabon famfo.

Yanayin Sabon Tasha yana tsananta wannan ta fuska uku. Na farko, cunkoso: motar da ke tsaye inji na aiki, famfonta na juyawa a mafi ƙarancin gudu, man kuma ya yi zafi ya tsinke, musamman a Maris da Afrilu da zafin rana ke haura digiri 35. Na biyu, hunturu: ƙurar da iska ke kwasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi tana ɗauke da ɓarɓashin yashi da ya fi ƙarfen mital tauri nesa ba kusa ba, kuma takan shiga ta yagaggiyar filtar iska ko mazurari mai datti. Na uku, gyara: gam ɗin da ake lafta wa kwanon mai a madadin gasket yakan ɓalle ta ciki ya toshe rariya, famfo ya koma zuƙar iska.

Akwai bawul uku da ke tsare tsarin. Na rage matsi yana mayar da rarar mai baya in inji na gudu da sanyi. Na kewaye yana buɗewa in filta ta toshe, ya bar mai ya wuce ba tacewa. Na hana komawa yana riƙe mai a filta bayan an kashe inji. Jabun filta na iya kama da na gaske ta waje alhali waɗannan bawul ba su da inganci, sakamakonsa shi ne ƙarar da ake ji na 'yan daƙiƙoƙi da safe, lokacin da ƙarfe ke cin ƙarfe. Fitilar mai ta gaban direba ba ta isa shaida ba, domin ba ta kamawa sai matsi ya faɗi ƙasa da kusan rabin bar (ma'aunin matsi), alhali inji mai lafiya a kan hanya yana aiki ne tsakanin bar 2 da 4.

Maganin ƙarancin matsi da aka saba shi ne zuba mai kauri. A ma'aunin kaurin mai na SAE, mai lamba 30 kaurinsa a digiri 100 yana tsakanin sentistok 9.3 da 12.5, mai lamba 50 kuwa tsakanin 16.3 da 21.9. A tsohon inji irin na 504 mai kauri yakan rage zurarewa ya ja kwanan injin. Amma motocin Kwatano na baya-bayan nan, irin Corolla da Camry, an ƙera su da ƙananan hanyoyi da na'urar sauya lokacin bawul mai aiki da matsin mai, kuma 5W-30 ko 0W-20 aka rubuta musu. Zuba musu 20W-50 yana jinkirta isar mai kan inji a lokacin tashi. A babur kuma, mai kusan lita ɗaya ne ke hidimar inji, kuloci da giya gaba ɗaya, shi ya sa Japan ta fitar da ma'aunin JASO MA a 1998 don man da ba zai sa kuloci sulɓi ba.

5.0 Rukuni na Uku: Cuɗawa da Fetur

Injin bugu biyu ba shi da kwanon mai, domin fetur da iska ta ɗakin karanshaf suke bi. Dole man ya shiga tare da su, ya shafi sassa, ya ƙone. Ƙaramin janaretan Tiger, abokin masu aski da masu cajin waya, a tanki ake haɗa masa, kusan kashi ɗaya na mai cikin 50 na fetur.

A 1964 Yamaha ya fito da famfon Autolube, Suzuki ma ya biyo da nasa mai suna CCI, wanda aka gani a babur AX100 da kwaikwayonsa na Jincheng da 'yan acaɓa suka yi yayi. Famfon yana samun juyi daga karanshaf, yawan abin da yake fitarwa kuma yana bin wayar totur. A tsaye yakan ba da ƙasa da kashi ɗaya cikin 100, a cikakken nauyi ya kai kusan ɗaya cikin 20. Al'adar cire shi a koma haɗawa a tanki ta samo asali ne daga tsoron kada ya tsaya ba a sani ba. Sai dai cirewar ta mayar da awo hannun mutum, da murfin gora a matsayin ma'auni. In man ya yi yawa, ko aka yi amfani da man mota mai barin toka, fulogi ya yi baƙi, salansa ta toshe, hayaƙi ya turnuƙe. In ya yi kaɗan, fistin ya kama.

6.0 Sakamakon Bincike

Nazarin ya fito da abubuwa huɗu. Na ɗaya, kowane rukuni da sharaɗinsa: tsayin mai ga watsawa, ƙuncin rata da tsabta ga famfo, daidaiton awo ga cuɗawa. Na biyu, famfo yana cikin sassan da suka fi jimiri, tunda a cikin mai yake kwana yake tashi, kuma in ya cinye to mai yiwuwa dattin da ya cinye shi ya riga ya bi ta mital. Na uku, abubuwan da aka fi saurin cirewa ko araha da su, wato wayar kashe inji, filta da famfon bugu biyu, su ne ainihin matakan kariya. Na huɗu, tun janye tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, mai abin hawa na neman inda zai rage kashe kuɗi, kuma jinkirta juye da sayen man awo su ne mafi kusa da hannu, ga shi illarsu ba ta bayyana nan take. Araha dai ba ta ado.

7.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa ƙarancin matsin mai alama ce da ke da dalilai da dama, kuma famfo ɗaya ne kawai daga cikinsu. Ana ba da shawarar kowane gareji ya mallaki agogon auna matsi, a ɗaura shi a mazaunin maɓallin fitila, a karanta shi inji na da zafi, a tsaye da kuma a kan gudu, a gwama da adadin mai ƙira. In matsin ya gaza, a duba tsayin mai, rariya, bawul da ratar mital bi da bi kafin a sayi famfo. Ƙungiyar kanikawa ta NATA da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna suna da damar shirya gajeren horo a kan wannan da harshen da almajiran gareji ke ji. Hukumar kula da ingancin kaya ta SON kuma ta ƙara sa ido a kan man awo da jabun filta. Mataki na gaba ga masu bincike shi ne gwajin samfuran man da aka juye daga Keke Napep a hunturu da damina, a auna yawan yashi da ƙarfen da ke ciki, domin a tsayar da wa'adin juye da ya dace da titin Kachia.