Okpara da 'ya'yanmu

Kakan mahaifina bafatake ne. A ƙarshen ƙarni na 19 yakan bi ayarin goro daga Kano zuwa Gwanja, su ya da zango a Parakou da Djougou. An ce 'yan fashin Bargu ba sa tayar masa da hankali kamar mashigin kogi in damina ta riske su. Madugunsu ba ya barin yaro ya tsoma ƙafa sai babba ya gwada zurfi da sanda.

Yau kogin Okpara ke shayar da Parakou. A Satumba, yana cike, nakan ga yara suna ninƙaya ba babba kusa, gabana ya faɗi. Wasu yaran ma har a tekun Kwatano suke ninƙaya, inda igiyar ruwa ke janye ƙato. Iyaye, don Allah ku raka su.