Taurin bayan gida ga tsofaffi: Musabbabi da hanyoyin samun sauƙi ta abinci

Likitoci na ɗaukar mutum yana fama da taurin bayan gida idan yana zagayawa ƙasa da sau 3 a mako, ko kuma bayan gidan ya bushe har sai da yunƙuri mai tsanani. Matsalar ta fi yawa ga tsofaffi, saboda ƙarancin motsa jiki, da raguwar jin ƙishirwa, da zubewar haƙora wadda ke sa su guje wa abinci mai buƙatar tauna. Magunguna irin su kodin, tiramadol da ƙwayoyin ƙarin jini su ma suna haddasa ta.

Babban abin da ke sauƙaƙa ta shi ne harza, wato ɓangaren tsirrai da hanji ba ya narkarwa. Harza iri biyu ce. Wadda ke jiƙewa da ruwa, kamar ta kuɓewa, kuka da wake, tana tausasa bayan gida. Wadda ba ta jiƙewa, kamar dusar gero da dawa da ganyen zogale ko alayyahu, tana ƙara masa auki, ta hanzarta fitarsa. Surfe mai yawa yana raba hatsi da dusarsa, shi ya sa farar shinkafa da farin burodi ba su da harza sosai.

A shekarar 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci manya su riƙa samun aƙalla giram 25 na harza, da giram 400 na kayan lambu da 'ya'yan itatuwa a kowace rana. Giram 100 na dafaffen wake na ɗauke da kimanin giram 6. Ga mai raunin haƙora, faten wake, gwanda da jiƙaƙƙen dabino sun fi sauƙin ci.

Sai dai harza ba ta aiki sai da isasshen ruwa, kuma ƙara ta lokaci guda kan jawo kumburin ciki. A hankali ake ƙarawa cikin makonni. Masu ciwon ƙoda ko zuciya su tuntuɓi likita kan adadin ruwan da ya dace da su.

Ganyen filasko yana sa gudawa, amma yawaita shi kan janyo murɗar ciki da ƙarewar ruwan jiki.

Wajibi ne a garzaya asibiti idan aka ga jini a bayan gida, ko rama ba dalili, ko amai tare da kumburin ciki, domin suna iya zama alamun toshewar hanji ko ciwon daji.